Injiniya Biyu a Gida Ɗaya

Bana ma damina ta yi mana nawa. Tun ruwan farko da muka bi da shuka, sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin kamar da gaske, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Jiya na hau ina goge faifan sola na burtsatsenmu da tsumma, ƙarfen yana cin tafin hannuna tun hantsi bai gama yi ba, sai na ji wani abu ya taso mini a ƙirji wanda na ɗauka ya daɗe da kwanciya. Irin wannan farin aka yi a shekarar da azumi ya faɗo a farkon damina, shekara goma da ɗoriya ke nan. Bana dai famfo yana zuba, kuma ba a azumi. A waccan shekarar babu ruwa a sama, babu a famfo, ga baki a rufe.

Sunana Lawan, kuma duk wanda ya ji sunan ya san ni ne ɗan fari. Babana, Allah ya jiƙansa, mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in yana maganata da wani ya ce "wannan yaron". Ƙannena kuwa yana kiran kowa da sunansa, yana yi musu wasa, yana yabon su a gaban mutane. Ni ko gona guda na nome ni kaɗai, iyakarsa ya dubi kunyoyin ya yi gyaran murya. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin hakan bai taɓa hana abin cin raina ba.

Na koyi gyara a cikin garin Rano: rediyo, janareto, injin ban ruwa. Da aka koma mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, sai kasuwar lasifika ta buɗe. Yau wa'azi, gobe taron siyasa, jibi saukar karatu, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye da mu a Zinyau ni ake ɗauka in haɗa waya. A nan aka fara ce mini Injiniya, da farko da zolaya, daga baya sunan ya zauna daram. Wata rana muna fitowa daga masallaci, ina da 'ya'ya uku a lokacin, Baba ya miƙo mini tocilansa a gaban jama'a ya ce, "Injiniya, duba mini wannan, ta ƙi kamawa."

Batir ne kawai aka saka a juye. Amma na riƙe tocilan nan na yi ta jujjuya ta don kada a ga idona. Tsohon nan ya samu sunan da zai kira ni da shi ba tare da ya karya kunyarsa ba, ni kuma na samu uban da yake kirana. Daga ranar ya riƙe sunan, yana faɗarsa har inda babu dalili. Ban mallaki wani abu a duniya da nake ji da shi kamar wannan suna a wannan bakin ba.

Da zaɓe ya matso, kansilanmu ya samo mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Aka kafa tanki a sama, aka jera faifan sola, aka gina ɗan ɗaki aka maƙala wani farin akwati a bango, wanda shi ke karɓar wutar faifan ya juya injin da ke can ƙasa. Ranar da aka buɗe, mai unguwa ya damƙa mini makullin ɗakin ba tare da an yi shawara ba, don babu wanda za a yi shawarar a kansa sai ni. Mata suka huta da jan guga, Fulanin da ke bayan dutse suka riƙa kawo shanu kwami, tsohuwar rijiyar gari kuma aka bar ta, yara suna jefa mata duwatsu.

To, a waccan shekarar, ana saura kwana kaɗan a ga watan azumi aka yi ruwan farko, da iska da tsawa irin wadda ke sa tsofaffi salati. Wata tsawar ta faɗi kusa ƙwarai, har muka ji ƙaurinta. Da gari ya waye rana ta fito tar, amma injin bai motsa ba, sai wata 'yar jar fitila da ke ta ƙifta ido a jikin akwatin. Babu wanda ya damu. Ƙasa ta jiƙe, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona, ana cewa Injiniya zai duba in an gama shuka. Muka zuba gero da dawa, iri na ƙarshe da ke gindin rumbu. Aka ga wata, aka ɗauki azumi, sama kuma ta rufe bakinta tare da mu.

Wanda bai yi azumi a irin wannan lokaci a ƙasar Rano ba, bai san zafi ba. Duwatsun nan namu suna shan rana tun safe, in yamma ta yi su riƙa amayar da ita. Tsiron da ya fito kore shar ya fara naɗewa, ya koma kamar allura, ya kwanta. Kududdufin da ruwan farko ya tara ya zama laka, lakar ta tsattsage. Tankin burtsatse ya ƙare tun a makon farko. Aka koma wa tsohuwar rijiyar da aka wulaƙanta, ita kuma ta rama, don in ka zura guga sai ya fito da rabin ruwa rabin taɓo. Matata Talatu takan tashi tun kafin kiran assalatu ta kai tulu layi, ta dawo ta dafa sahur, tuwon dawa da miyar kuka ba mai, ta koma ta tarar layin bai motsa ba. Ruwan da ta samo sai an jefa alif an jira ya kwanta. Da shi za a dama kunun tsamiya, da shi za a yi alwala, wanda aka wanke kwano da shi a ba akuya. Wanka ya zama na ranar Juma'a. Da an sha ruwa, sai kwaɗon zogale ko na rama ya tare rabin ciki kafin a kawo tuwo, don hatsin ya kai mu kaka.

Duk wanda ya gamu da ni a hanya, gaisuwarsa ɗaya ce: "Injiniya, ya ake ciki?" Ni kuwa ina ciki. Na kashe wuta, na sauke akwatin, na buɗe shi a kan tabarma, na bi shi layi-layi da mitata kamar yadda nake bin rediyo. Babu abin da ya ƙone a ido. Sai a ƙarshe na gano wani abu. Allon da ke ciki ya kasu gida biyu, ɓangaren manyan wayoyi da ɓangaren ƙanana, a tsakaninsu akwai fili fayau, har da 'yar tsaga. Abin da ya haɗa su kawai wata 'yar baƙar na'ura ce da muke ce wa aisi, abin bai fi ƙwayar wake ba, ya ɗora ƙafafunsa rabi a nan rabi a can. Na sa mita a ƙafafun hagu da na dama, shiru, babu hanya. A aikinmu kuwa wannan ba ya buƙatar dogon tunani. In layi ya tsinke, sai ka ɗauko silin waya ka yi masa gada, ka ɗiga dalma. Na yi wa rediyo ɗari haka sun tashi.

Bayan sallar asuba na miƙe a masallaci na ce, "Jama'a, na gano ciwon. In sha Allahu yau da ruwan famfo za a buɗe baki." Aka yi ta kabbara. Baba yana sahun gaba bai waiwayo ba, amma na ga yadda ya gyara zaman hularsa.

Da hantsi maza suka taru a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin burtsatse, tun da babu abin nomewa a gona. Aka shimfiɗa wa Baba da liman da mai unguwa tabarma. Na hura gawayi na sa ƙarfen narka dalma a ciki, na fere wayata. A daidai lokacin ɗan acaɓa ya sauke Habibu.

Habibu ɗan Gwaggo Rakiya ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Na girme shi nesa ba kusa ba, ni na fara koya masa riƙe sukundireba yana ɗan firamare. Shi ya yi jami'a, yana aiki a Kaduna inda suke gyaran injinan masana'antu. Ya zo Rano hutun azumi ne, ya leƙo gaida kawunsa. Tsakanina da shi kuwa sai wasan taubasai, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ko a gaban sarki ne, ba a fushi. Ya durƙusa ya gaida manya, sannan ya juyo kaina.

"Bawana, me kake soyawa da azumi?"

"Matsa can, yaro," na ce. "Aikin manya ake yi."

Ya tsuguna yana dariya, ya dubi allon, ya dubi wayar da ke hannuna, sai dariyar ta ɗauke. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam.

"Yaya Lawan, ina za ka sa wannan?"

"Ba ka gani? Layi ya tsinke tsakanin nan da nan. Gada zan yi masa."

"Ba tsinkewa ya yi ba. Da gangan aka raba su." Ya saki hannuna, ya juya wajen tabarma, wasan ya dawo masa. "Kawu, ku gode wa Allah da mai babur ɗin nan ya yi sauri. Da yau Injiniyanku ya soya muku ƙwaƙwalwar injin nan kamar ƙosai, wanda ya taɓa akwatin kuma ya bi ta."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don dole ne in yi, taubashi ne ya faɗa. Amma ji na yi kamar an watsa mini garwashin da na hura.

Ya yi musu bayani a hankali. Ya ce wutar da faifan sola ke tarawa in sun haɗu ta fi ta lantarkin gari ƙarfi, tana iya kashe mutum. Ƙwaƙwalwar da ke ba injin umarni kuwa, 'yar wutar da take ci ba ta fi ta wayar hannu ba. Dole ƙwaƙwalwar ta san ƙarfin wutar da ke wancan ɓangaren kafin ta tayar da injin, amma in suka taɓa juna ta mutu. Shi ya sa aka sa ɗan aisin nan a tsakani, yana auna wutar a can yana kawo labari nan, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ya ce ga dukkan alamu tsawa ce ta kashe shi, amma katangar da ke cikinsa ba ta faɗi ba, shi ya sa ƙwaƙwalwar ta tsira.

Liman, wanda ba ya barin magana ta wuce shi a dunƙule, ya ce, "To Malam Habibu, in babu waya a tsakani, da wane baki yake kai labarin?"

Habibu ya sa aka kawo ƙwarya da gwangwanin madara. Da a ce shekarar ƙoshi ce da gero za a yi, amma a wannan lokacin ko wasa ba a yi da hatsi, sai aka tara yashi. Ya ce da ni, "Bawana, zaga bayan ɗakin nan ka kasa kunne. Kai ne ƙwaƙwalwa yau, Allah ya sa a dace." Aka sake yin dariya, na zaga.

Abin da suka yi a gaba, daga baya na gani. Mai unguwa yana ɗibar yashi yana zubawa a ƙwarya, ɗiba bayan ɗiba. Duk zubawa ɗaya, Habibu zai duba. In yashin da ya taru ya isa cika gwangwani, sai ya kwashe gwangwani guda ya zubar, ya ƙwanƙwasa bango da dutse. In bai isa ba, sai ya daki bangon da tafin hannu. Ragowar kuwa ba ya taɓa ta, tana nan a ƙwarya tana jiran ɗiba ta gaba. Ni a baya ba na ganin kowa, sai sauti nake ji. Da farko tafi, tafi, tafi, dutse, tafi, tafi, tafi, dutse.

"Nawa mai unguwa yake zubawa?" Habibu ya ɗaga murya.

"Kaɗan-kaɗan," na ce. "Kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gwangwanin."

Sai sautin ya canza, dutse ya yi yawa, tafi sai jefi-jefi. Na ce yanzu ya cika hannu biyu, ya kusa gwangwani. Sannan ya koma dutse, tafi, dutse, tafi. Tun kafin a tambaye ni na ce, "Rabi ne daidai."

Na ji an ɗauki salati a gaba. Da na zagayo, Habibu yana cewa, "To kun gani. Yashin nan shi ne ƙarfin wuta. Ɗan aisin nan ba ya faɗar lamba, abu biyu kawai ya iya, ɗaya ko sifili, ya cika ko bai cika ba. Amma yana faɗa sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido ka buɗe, kuma ba ya yar da ragowa, abin da ya rage a wannan awon yana shiga na gaba. Shi ya sa in ka saurara da yawa, lissafin ba ya kuskure. Turawa suna ce masa delta-sigma, wato a duba bambanci, a tara ragowa. Bugun ne kawai yake ƙetare katangar da ke cikinsa, wutar ba ta bi. Ƙwaƙwalwa kuma ta ƙirga bugun, kamar yadda bawana ya yi yanzu."

Liman ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi. Ashe har abin da bai kai wake ba an hana shi tauye mudu."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na gane. Da ban gane ba, da sai in ce surutun 'yan boko ne in kaɗe rigata. Amma na gane sarai, har na ga kyawun abin, na kuma ga cewa ko shekara nawa zan yi ina bin allon nan da mitata ba zan gano shi ba. Ni na ba da amsa sau uku ban kuskure ba, amma babu wanda ya dube ni. Baba ya kamo hannun Habibu ya zaunar da shi a gefensa a kan tabarma, yana dariya har ana ganin wawulonsa, yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Rakiya." Kawu yana da damar ya yi wa ɗan ƙanwarsa haka a bainar jama'a. Ni kuwa na tsaya da 'yar wayata a hannu, gawayina yana cinyewa.

Ba a samun irin aisin a Rano, Habibu ya buga waya Kano ma aka ce babu, sai wani abokinsa a Legas ya ce zai nemo. Ranar dai da ruwan laka aka buɗe baki. Baba ya hana Habibu komawa gidan Gwaggo, ya ce a share masa ɗakin zaure. Talatu ta riƙa tace masa ruwa sau biyu da ƙyalle, ta fito da kofin gilashin da ko ni ba a ba ni. Da na yi magana ta ce, "Haba Malam, baƙo ne fa." Na ce baƙon da na goya a bayana, ta yi kamar ba ta ji ba.

Jira ya yi tsawo, rijiya kuma tana neman ƙafewa, sai mai unguwa ya kira gayyar yasar rijiya. Wa zai shiga? Ni na ce zan shiga, kuma Allah ya sani ba don lada kaɗai ba. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka zura ni. A ƙasa akwai sanyi da warin tsohuwar laka, sama ta koma kamar faifai. Ina cika guga da taɓo da duwatsun da yara suka jefa, ana ja, ana dawo da shi. Da na kai ga ido, ruwa ya fara tsattsafowa mai sanyi, ya rufe idon sawuna, ya hau ƙwauri. Ga ni tsaye cikin ruwa, harshena kamar busasshiyar fata, ba halin ko ɗigo. Haka muka yi ta yi, ni da wasu mutum biyu muna karɓa-karɓa, har rijiyar ta dawo tana ba da abin da zai riƙe gari.

Don gaskiya, Habibu bai zauna a inuwa ba. Ya tuɓe agogo ya kama igiya tare da kowa, har tafinsa ya yi bororo ya fashe. Nan fa aka yi caa a kansa. "Bari, bari, hannunka ba na wannan ba ne!" "A kai shi inuwa!" Wata tsohuwa har da kawo man kaɗanya. Ni na fito daga rami laka har gira, gwiwata tana jini, aka ce mini sannu, aka miƙo mini igiyar in naɗe.

Kuma yaron nan bai taɓa yi mini rashin kunya ba in mun keɓe. Har sabuwar mita ya ba ni mai nuna lamba, ya zauna yana koya mini. Da mugu ne da na samu abin riƙewa. A tafsirin la'asar liman ya yi magana a kan hassada, ya ce tana cin lada kamar yadda wuta ke cin kara. Na zauna ina yi wa kaina fatawa, ina cewa nawa ba hassada ba ce, tun da ba na fatan iliminsa ya gushe, so nake kawai ya tattara shi ya koma Kaduna da shi. Kishi ne, tsantsarsa, kuma na yi azumi da shi na yi sahur da shi. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ban faɗa wa kowa ba.

Aka fita roƙon ruwa a bayan gari, manya da yara, an juya riguna, rana tana dukan ƙeya. Hadari ya taso ya sake watsewa. A goman ƙarshe wani direba ya kawo saƙon Legas zuwa tashar Rano, ni na je na karɓo a babur. Ambulan ce, a cikinta 'yar leda, a cikin ledar ɗan abin nan. Na tsaya a bakin hanya na dube shi a tafin hannuna, na tuna da maganar mutane cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Habibu ya cire tsohon ya dasa sabon, ni ina riƙe masa allo. Hannunsa ko rawa bai yi ba, na duba da kyau ko zai yi. Muka mayar da akwatin, ya ce in kunna. Jar fitilar ta ƙifta, ta koma koriya. Sai muka ji wani gurnani siriri daga ƙasa, bututu ya yi tari, sannan ƙarar ruwa yana faɗawa cikin tankin da babu komai, kamar ana buga ganga. Mata suka saki guɗa tun daga layin rijiya, aka yo nan da tuluna da jarkoki a guje. Rana tana tsaka, ba mai iya sha, sai aka riƙa tara kai a bakin famfo, tsofaffi suna jiƙa rawani suna ɗorawa a wuya. Ni ma na tara kaina, kuma na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Da aka kira magariba na sha ruwan nan kofi uku ban tsaya ba.

Kafin Sallah sama ma ta saki. Aka kwana ana ruwa, aka tashi da ƙamshin ƙasa, kwaɗi suka cika gari da kuka. Aka yi ta aron iri a tsakanin dangi, aka sake shuka. Sai na fara jin ana cewa yaron nan yana da goshi, tun da ya zo komai ya warware. Har ruwan Allah ma an rubuta masa.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, muna zaure, Baba a kan buzunsa, ni da Habibu da ƙannena muna cin tuwon shinkafa. Sai ga mutum biyu a kan babur, ƙafafun wandonsu duk taɓo. Suka yi sallama, suka yi barka da Sallah, babban ya ce daga Unguwar Gai suke ta ƙasar Kibiya, nasu burtsatsen ma tun tsawar nan bai motsa ba.

"An ce mana nan ne gidan Injiniya."

Na tsame hannuna daga kwano, na fara miƙewa. Shekara nawa duk wanda ya yi wannan sallamar ni yake nema, jikina ya riga tunanina.

Baba ya ce, "Nan ne." Ya juya wajen Habibu. "Injiniya, tashi ga baƙinka."

Habibu ya dube ni, na ga ya ji nauyi. Ya ce, "Kawu, ai ga Injiniya nan, ni ɗan rakiya ne." Aka yi dariya, an ɗauka wasan taubasai ne ya ci gaba. Baba ma ya murmusa, sannan ya nuna ni da haɓa, bai dube ni ba.

"Kai, fito da babur ka kai shi. Ka riƙe masa jakar."

Na fito da babur. Muka bi bayan mutanen nan ta cikin gonaki, ƙasa a jiƙe, sabon tsiro ya fara leƙowa layi-layi. Habibu yana bayana ya riƙe kafaɗata, yana ta ba ni labarin wani injin da suka gyara a Kaduna, ni kuwa ina ta cewa "to" ina kallon hanya.

Mutanen gari ba su fasa ba, har yau Injiniya suke ce mini, makullin ɗakin ma yana aljihuna. Baba ya ƙara shekaru a duniya bayan wannan Sallar, ni kuma na koma "kai" da "wannan yaron", da furfurata. Bai daina faɗar sunan ba. Da idonsa ya yi rauni, yakan ce a cikin zaure, "Kwana biyu ban ji muryar Injiniya ba." Sai in ciro wayata in danna lambar Habibu, in durƙusa in kara masa a kunne, in riƙe har su gama.